Ɗan bulon kakin da ke kwance a durowar lab

Duk wanda aka taɓa yankar wa tsoka aka kai gwaji, to wani abu nasa na can a ajiye. Ana tsoma naman a fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir ya zama ɗan bulo kamar kwalin ashana, a shafto siririn yanki a duba a madubin likita, sauran a jera a durowa shekara da shekaru. Ba ya neman firiza, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ni a ganina wannan ɗan bulon dukiya ce da muke wa riƙon sakainar kashi.

Ku ɗauki kansar huhu da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke fitar da sinadaran homon. Iri huɗu ce, biyu masu tafiyar hawainiya, biyu masu gudun tsiya, kuma mafi muni ita ce mai ƙananan ƙwayoyi wadda ta kai kusan kashi 15 cikin ɗari na kansar huhu, galibi a jikin masu shan taba. Kafin a gano ta yawanci ta bazu, ba a cika yin tiyata ba, saboda haka ɗanyen nama na bincike yana wuyar samu, abin da ke hannu shi ne ɗan guntun da aka ɗebo da allura aka sa a kaki.

Da can ana ganin wannan naman bai da amfani wajen karanta RNA, wato saƙon da ke nuna wace ƙwayar gado ce a kunne wace ce a kashe, don fomalin yana daddatsa shi. Yanzu akwai na'urori irin su nCounter da ke iya ƙirga waɗannan gutsattsarin. A 2015 masu bincike a Kolon ta Jamus sun nuna a kusan duk masu wannan kansar mai ƙananan ƙwayoyi, ƙwayoyin gado biyu, TP53 da RB1, sun daina aiki a cikin ƙwayoyin kansar, dama kuma an daɗe ana ɗaukar ta cuta ɗaya magani ɗaya. Karatun RNA ne ya nuna ashe gida-gida ce, wata ƙwayar gadon ASCL1 ke tuƙa ta, wata NEUROD1, wata POU2F3, sannan a 2021 ƙungiyar cibiyar MD Anderson a Amurka ta fito da rukuni na huɗu mai cike da ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda alamu suka nuna ya fi cin moriyar maganin atezolizumab mai zaburar da garkuwar jiki. A babban gwajin 2018 maganin ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 10.3 zuwa 12.3 ne kawai, wata biyu fa, don haka sanin wa zai amfana ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da za su sayar da gona su saya.

Wani zai ce ai har yau likita ba ya zaɓar magani da wannan rabe-raben, gaskiya ne, ban musa ba. Wani kuma zai ce mu da mai tari da jini ke shafe watanni yana shan maganin tibi kafin a yi tunanin kansa, ina mu ina RNA. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci, amma fa abin da nake roƙo ba na'urar miliyoyi ba ce. Fomalin mai kyau ne na kashi 10 da aka daidaita tsaminsa, a jefa naman ciki da an cire shi, kar ya kwana biyar a kwalba a hannun ɗan uwan majinyaci yana neman kuɗin gwaji, a fitar da shi cikin kwana uku, a ajiye bulon inda zafin Afrilu da danshin damina ba za su cinye shi ba, a rubuta lamba da tarihin mai shi yadda za a iya nemowa, kuma a nemi yardarsa tun yana raye. Bulon da aka yi wa haka ana iya sa shi a ambulan a aika duk inda na'urar take.