Yaron da ke tsoron koci ba zai tari ƙwallo ba

Na taɓa tsayawa a bakin filin wata makarantar sakandare ina kallon atisayen ƙwallon raga na 'yan mata ƙanana. An jera su layi guda, ƙwallo ɗaya tak, ita ma tana hannun koci. Ya jefo, wata yarinya ta tara, ƙwallo ta zille gefe. Sai usur, sai tsawa: "Ke wace irin sakarya ce? Tsallen kwaɗo ashirin!" Da aka shiga wasa na sa mata ido. Duk ƙwallon da ta faɗo tsakaninta da ta kusa da ita, sai ta ja da baya ta bar wa waccan, waccan ma ta bar mata. Ƙwallo ta dira ƙasa suna kallon juna.

Wannan yarinya ta ɗauki darasi sarai: wadda ba ta taɓa ƙwallo ba, ba a yi mata tsawa.

Ƙwallon raga wasa ne da ba a riƙe ƙwallo a cikinsa. Taɓawa uku kacal ƙungiya ke da ita kafin ta mayar da ita tsallaken raga, kuma a tsarin ƙirga na yanzu kowane kuskure maki ne ga abokan karawa. Kowa a fili yana ganin hannun da ya ɓata. Shi ya sa nake ganin babu wasan da tsoro ke kashewa da wuri kamar wannan.

Masu kare zafin hannu suna da hujja, kuma babba ce. Daimatsu Hirobumi, kocin da Japanawa suka yi wa laƙabi da dodo saboda tsananinsa, shi ya kai 'yan matan Japan ga zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, inda suka doke Tarayyar Sobiyet. Yawancinsu ma'aikatan masaƙar Nichibo ne a Kaizuka, suna tashi daga aiki su shiga atisaye har tsakar dare. Amma fa manyan mata ne da suka riga suka ƙware, suna neman kambun duniya. Ɗauko wannan salo a ɗora wa ɗan shekara goma zalunci ne, kuma daga Japan ɗin aka samu wadda ta fito ta faɗi haka. Masuko Naomi, tsohuwar 'yar wasan ƙasar, ta sha bayyana cewa duka da tsawar da ta sha tun tana makaranta sun sa ta tsani wasan da ya yi mata suna. A 2015 ta fara shirya gasar yaran firamare a lardin Fukuoka da doka guda: an hana koci yin fushi. Wanda ya karya dokar, sai ta sa masa takunkumin baki mai alamar X.

Hana tsawa kaɗai bai isa ba, sai an fasa layin nan. Yara goma sha biyu a bayan ƙwallo ɗaya, kowannensu ya fi ɓata lokaci a tsaye fiye da wasa. Filin manya mita 18 ne da 9, ragar maza tsayinta mita 2.43, ta mata 2.24. Ina yaro ina wannan? A ɗaura igiya tsakanin sanduna biyu daidai tsawonsu, a tsaga filin gida-gida, a sa su biyu-biyu ko uku-uku da ƙwallo marar nauyi. Inda mutum biyu ne kawai babu wurin ɓuya, kowace ƙwallo ta wani ce. Idan sababbi ne, a bar su su cafe ta farko su jefa, har ido ya saba da karanta inda za ta sauka. Kuma kada a yi gaggawar cewa dogo ya tsaya a raga, gajere ya koma baya. Wanda yake gajere bana, baɗi yana iya fin kowa tsawo.

Na san iyaye za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda. Koci ya tsaurara a kan zuwa da wuri, da tattara kaya bayan atisaye, da gaishe da abokan karawa ko an sha kashi. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya don ya ɓata sabis, wato bugun fara wasa, a zaunar da shi. Amma kuskuren hannu ba rashin tarbiyya ba ne. Yarinyar da ta ruga ta ce "Tawa ce!" ta tara, ƙwallo ta fita waje, a kira ta a tambaye ta ina ƙafafunta suke lokacin da ƙwallon ta iso, a nuna mata yadda za ta durƙusa ta miƙe hannuwa, sannan a sake jefo mata nan take.