Wasan kwaikwayo ba sai da babban zaure ba

Mutane da yawa sun ɗauka 'yar ƙaramar ƙungiya ba za ta iya kai wasan kwaikwayo ga jama'a ba sai da babban zaure, fitilu da kuɗin tikiti. Ba haka ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska. Sukan fara zama da mutanen gari, su ji damuwarsu, ko ta taki ko ta gona, sannan su shirya wasan da Hausa. A dandali ake yi, kyauta, jama'a sun kewaye. Abin da ya fi burge ni, manomi na iya tsayar da wasan, ya shiga fili ya nuna yadda abin yake.