"Ni ne" ba suna ba ne

Ni da ƙanena muryarmu ɗaya ce a waya. Ba ni na faɗa ba, Hajiyarmu ce. Idan ɗayanmu ya kira ta da baƙuwar lamba, sai ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi iyali, ta sa albarka, sannan ta ce, "To wai wanne ne a cikinku?" Matar da ta haife mu ke nan, ta goya mu, ta yi shekara arba'in tana jin surutunmu.

Abin da ya tuno min da wannan, musun da muka yi ne shekaranjiya a majalisa bayan isha'i. Wani abokinmu da ke harkar manhajoji ya kafe cewa lokaci ya yi da bankunanmu za su bar wahalar da mutane da lambar sirri, su koma tantance mutum da muryarsa. Ka kira, ka yi magana, na'ura ta gane kai ne, ta buɗe maka asusunka. Kuma gaskiya hujjarsa ba ta banza ba ce. Kowa ya taɓa ganin tsohuwa a gaban mai POS ta kwance bakin zane, ta miƙa kati haɗe da 'yar takardar da jikanta ya rubuta mata lambar sirrin, ta ce "ɗana cire min dubu biyar." Wannan lamba ai sunanta kawai sirri. Zanen yatsa ma ba kullum yake yi mana rana ba: hannun da ya sha fartanya ko wankau, na'ura sai ta yi ta ƙin karanta shi. A zaɓen 2015 har shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, sai da na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta ƙin karɓarsa a mazaɓarsa. Murya kuwa kowa na da ita, ba ta buƙatar boko, ba ta buƙatar babbar waya. Ko 'yar rakani-kashi ta wadatar.

Na yarda da duk wannan. Inda muka raba gari shi ne a kan mayar da murya mukulli.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin ke aiki, don mutane na haɗa abu biyu wuri guda. Akwai na'urar da ke sauraron ME aka faɗa ta rubuta, akwai wadda ke sauraron WA ya faɗa. Ta biyun nake magana a kai. Tana yayyanka maganarka gutsi-gutsi, kowane gutsure bai kai ƙiftawar ido ba, ta auna yadda sautin ya fito. Tsawon maƙogwaronka, faɗin bakinka, kogon hancinka, yadda kake motsa harshe, duk suna barin alama a cikin sauti. Daga nan sai ta dunƙule abin da ta auna ya zama jerin lambobi ɗaruruwa, ta ajiye da sunanka. Ran da ka sake kira, ta sake aunawa, ta gwada sabon jerin da na ajiye, ta ba da maki. Ku lura da kyau, maki take bayarwa. Ba ta taɓa cewa "shi ne" ko "ba shi ba ne." Mutum ne a ofis yake zaunawa ya ja layi ya ce daga maki kaza a buɗe ƙofa.

To a jan layin nan matsalar take. In aka matse, ran da hunturu ya sauka ka tashi da mura, muryarka ta dishe, sai ta hana ka kuɗinka. Kana kira daga Kantin Kwari, janareta na ruri, 'yan dako na ihu a ba su hanya, sabis na yankewa, sai ta ce ba ta san ka ba. In kuma aka sassauta don kada masu asusu su yi ta ƙorafi, sai ƙanena ya shige.

Wannan ba zolaya ba ce, ta faru. A 2016 bankin HSBC ya fara wannan tsari a Birtaniya, inda za ka furta jimla ɗaya mai ma'anar "muryata ce lambar sirrina." A watan Mayun 2017 wani ɗan jaridar BBC, Dan Simmons, ya buɗe asusu ya yi rajistar muryarsa, sannan ya sa ɗan tagwaicinsa ya kira yana kwaikwayonsa. Kuma ba irin tagwayen da suke kama sak ba ne. Sau bakwai na'urar tana ƙi, a na takwas ta buɗe masa: ya ji abin da ke cikin asusun, ya ji shige da ficen kuɗi. Ba wata fasaha ya yi amfani da ita ba, bakinsa kawai.

Tun daga suna aka fara yaudarar mutane. A 1962 wani injiniya da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Lawrence Kersta, ya yaɗa sunan "zanen murya", cewa murya ma tana da zane kamar yatsa, wai in ka kalli hoton sautin mutum a takarda za ka fitar da shi cikin dubu. 'Yan sanda suka rungumi abin, aka riƙa kai shi kotu. Sai a 1979 wani kwamitin masana kimiyya na ƙasar ya fitar da rahoto yana jan kunne cewa hujjar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Dalilin a fili yake. Zanen yatsanka na yau shi ne na ranar sunanka. Murya kuwa hali ce: ta safe daban, ta bayan azumin yini daban, ta gaban surukai daban, ta rigima da ɗan adaidaita daban. Na'urorin yau sun fi na zamanin Kersta nesa ba kusa ba, amma murya ba ta daina sauyawa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne malaman fiƙihu sun yi wannan muhawara tun fiye da shekara dubu, a babin shaidar makaho. Shin makaho zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce na ji wane ya yi iƙirarin bashi, na shaida muryarsa? Imamu Malik ya ce ana karɓa idan ya tabbatar da muryar. Daga hujjojin da ake kawowa, mutanen Madina da murya suke bambance kiran sallar Bilal da na Ibn Ummi Maktum a Ramadan, kuma ta bayan labule aka karɓi hadisai daga matan Annabi (SAW). Hanafawa suka ce ba a karɓa, don murya tana kama da murya. Mu nan Malikiyya ce ta raine mu, kuma rayuwarmu ta gaskata ta: matar gida tana daga tsakar gida take sanin wanda ya yi sallama a zaure, ta san ko ta ɗauko mayafi ko ta ce ya shigo. Sai dai sharaɗin Malik shi ne yaƙini, irin na wanda ya daɗe da sanin mai maganar. Kuma a zamanin da aka yi wannan muhawara, in mutum zai kwaikwayi muryar wani sai dai ya wahalar da maƙogwaronsa. Yau Hanafawa sun samu hujjar da ba su taɓa mafarkinta ba.

A 2019 aka kira shugaban wani kamfanin makamashi a Birtaniya da muryar maigidansa na Jamus, har da karin harshen Jamusancinsa, aka ce ya tura kuɗi cikin gaggawa. Ya tura Yuro 220,000 zuwa wani asusu a Hungary. An yi imanin muryar ta kwamfuta ce. A farkon 2023 Microsoft ya nuna wata fasaha mai suna VALL-E da ke kwaikwayon mutum daga maganar sakan 3. A watan Fabrairun shekarar wani ɗan jarida, Joseph Cox, ya haɗa muryarsa ta bogi da manhajar ElevenLabs, ya kunna wa layin bankin Lloyds, ya shiga asusunsa. A Maris ɗin 2024 kamfanin OpenAI ya sanar da nasa, mai buƙatar sakan 15, kuma a cikin sanarwar da kansa ya ba da shawarar a fara janye tantancewa da murya wajen shiga asusun banki. Idan maƙerin da ya ƙera mabuɗin ɓarayi ya ce maka canza kwado, ai ba ka tsaya musu ba.

Abokin nawa ya ce ai waɗannan duk Turanci ne, na'ura ba ta iya Hausa ba, in ta ce "fari" ba ka san ko na launi take nufi ko na rashin ruwa ba. Na ce masa ya tuna abin da ya faru a Sudan. A 2023, ana tsakiyar yaƙi, aka yi ta yaɗa sautuka a TikTok wai na tsohon shugaban ƙasar, Omar al-Bashir, ne. Da BBC ta bi diddigi, sai ta gano wasu daga cikinsu maganar wani mai sharhin siyasa ce da ya yi a Facebook, aka ɗauka aka lulluɓa mata muryar Bashir. Wato na'ura ba ta buƙatar iya harshenka. Ɗan damfarar ne zai yi maganar da Hausarsa ta Kano ko ta Damagaram, da karin maganarsa da komai, ita kuwa ta sa masa rigar muryarka.

Kuma a ina zai samu muryar? Haba. Mu da rabin hirarmu a WhatsApp saƙon murya ne. Wanda bai yi boko ba da shi yake ciniki, wanda ya yi bokon ma ƙiwar rubutu ta sa ya danna ya yi ta zuba minti huɗu. Zauren 'yan uwa, zauren tsofaffin ɗalibai, zauren 'yan kasuwa, a tura nan a tura can. Malamanmu kuwa awanni ɗaruruwa na tafsirinsu ke kan YouTube da Facebook, a tsabtace, da makirufo mai kyau. Haka 'yan rediyo, haka 'yan siyasa. Lambar sirri in ta fita, ka je banki ka canza cikin minti goma. Muryarka in ta fita, da wacce za ka canza ta?

Akwai wurin da abin ya fi tsorata ni, ban ma so in rubuta shi ba. A yankunan da masu garkuwa da mutane suka addaba, abin da iyali ke fara roƙo kafin su sayar da gona shi ne "a ba shi waya mu ji muryarsa." Ita ce kaɗai shaidar da ke hannunsu cewa nasu yana raye. A Amurka wata uwa daga jihar Arizona ta ba da bahasi gaban majalisar dattawa a 2023, cewa an kira ta ta ji muryar 'yarta tana kuka, ana neman kuɗin fansa, alhali yarinyar tana can lafiya lau. Ku kwatanta wannan da uban da ke ƙauye, ɗansa ya kama hanyar Gusau tun safe, wayarsa ba ta shiga.

Sai batun wa zai riƙe muryoyin. Hukumar haraji ta Birtaniya ta fara ɗaukar muryar masu kiranta a 2017 ba tare da ta ba su zaɓi na gaskiya ba. Ƙungiyar kare sirrin jama'a ta Big Brother Watch ta kai ƙara, kuma a 2019 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta tilasta aka goge na mutum kusan miliyan 5. Can ke nan, inda in an kai ƙara ana ganin sakamako. Mu ma muna da dokar kare bayanai ta 2023, kuma ta sa bayanan halittar jiki cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Amma mun ba da yatsu goma a BVN, mun bayar a NIN, mun bayar wajen rajistar layi, mun bayar wajen katin zaɓe, kuma har yau ɗan damfara yana kiranka ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka. A ƙara musu da murya? Kuma na'urar da za ta iya tabbatar da cewa kai ne mai asusu, ita ce dai za ta iya zaƙulo ka daga cikin dubban kiraye-kiraye, ko daga cikin masu bugo waya gidan rediyo suna sukar gwamna ba tare da sun faɗi suna ba.

Ban ce a jefar da fasahar ba. Tana da wurin da take da amfani sosai: banki ya ajiye muryoyin 'yan damfarar da aka riga aka kama, in mai irin muryar ya sake kira da sunan wani, ƙararrawa ta kaɗa a ƙara bincike. Ko ta zama shaida ɗaya cikin biyu ko uku, tare da wayar da aka san ka da ita da wani abin da kai kaɗai ka sani. A nan in ta yi kuskure, ɗan jinkiri kawai aka yi. Amma a ce da ita kaɗai za a buɗe asusun tsohuwar nan ta gaban mai POS, wadda in aka kwashe kuɗinta ba ta san ma ofishin da za ta je ba, kuma in ta je a ce mata "ai muryarki ce, na'ura ta tabbatar"? Wannan kam ban yarda ba. Kama da wane ba ta wane.

A Bukhari akwai hadisin Jabir bin Abdullah, lokacin da ya je wajen Annabi (SAW) kan bashin da mahaifinsa ya bari. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce wane ne, ya ce "Ni ne." Sai Annabi (SAW) ya maimaita, "Ni ne, ni ne," kamar bai ji daɗin amsar ba. Tun muna Islamiyya aka koya mana shi a babin ladabin neman izini, a ce in an tambaye ka ka faɗi sunanka. Sai yanzu nake ganin har da wani abu a ciki: wanda ke bayan ƙofa yana da haƙƙin ya nemi abin da ya wuce sautin murya.

Jiya na kira Hajiya na karanta mata abin da ya samu matar Arizona. Ta yi shiru, ta yi salati. Na ce daga yau in wani ya kira ki da muryata ko ta ƙanena yana neman kuɗi cikin gaggawa, ki kashe ki kira lambar da kika sani, in ba ta shiga ba ki tambaye shi abin da ba ya cikin waya. Ta ce kamar me? Na ce ke za ki zaɓa, kada ma ki faɗa min a nan.

Ta ce, "To. Amma tukuna, wanne ne a cikinku?"