Ku daina hana mai ciwon daji cin abinci

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon daji, sai kowa ya zama masanin abinci. Wannan ya ce a yanke masa sukari kwata-kwata, wancan ya ce shi da nama har abada, wata ta turo bidiyo a WhatsApp wai ruwan lemun tsami da sassafe yana kashe ciwon. Kafin ka ankara, gefen gadonsa ya cika da robobin ƙwayoyin bitamin, kwanon abincinsa kuwa ya koma ganye da ruwan ɗumi. Na san ƙauna ce ta jawo. Amma mutum yana ta zubewa a gabanmu, mu kuma muna ƙara masa jerin abin da ba zai ci ba.

Ramewar mai kansa, wato ciwon daji, ba irin ta wanda ya kwana da yunwa ba ce. Ciwon yana sa jiki ya riƙa sakin sinadaran kumburi da ke kashe sha'awar abinci, suna kuma narkar da tsoka, ba kitse kaɗai ba. Shi ya sa za ka ga hannun riga ya yi masa yawa, gefen goshinsa ya lotsa, tashi daga kujera ya zama aiki. A 2011 masana suka tsayar da ma'auni: wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba da niyya ba, ya shiga wannan hali. Ga mai kilo 60, kilo 3 ne kacal. Kuma wanda tsokarsa ta zube bai cika jure kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti, ba, ciwon tiyata yana daɗewa bai warke masa ba, wani lokaci dole likita ya rage maganin ko ya ɗage shi. Kun ga ke nan wanda ya hana shi abinci, maganin asibitin ya yi wa zagon ƙasa bai sani ba.

Ƙungiyar ESPEN ta Turai, masu tsara ƙa'idar ciyar da majinyata, sun ce mai kansa yana buƙatar kalori 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, da furotin, wato sinadarin gina jiki, fiye da giram 1 a kan kowane kilo, har zuwa giram 1.5 in da hali. Mai kilo 60 ke nan yana neman kalori 1,500 zuwa 1,800 da furotin giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 yake bayarwa. Ku yi lissafin da kanku, sannan ku faɗa mini yadda mutumin da aka hana ƙwai, aka hana nama, aka hana madara zai haɗa wannan da ruwan ganye.

Maganar sukari kuwa tana da tushe, shi ya sa take shiga kunne. Tun shekarun 1920 Otto Warburg, Bajamushen da ya ci kyautar Nobel a 1931, ya lura ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukarin jini fiye da lafiyayyu. Har yau da wannan dabara hoton asibiti da ake kira PET yake gano inda ciwon ya ɓuya. Inda aka kauce shi ne zaton in ka daina ci, ciwon zai mutu da yunwa. Ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, jiki ba zai bari ya yanke ba. In ka hana shi ta baki, hanta za ta ƙera shi, kuma cikin abin da take ƙera shi da shi har da furotin ɗin tsoka. Majinyacin ne ke ramewa, ciwon yana nan. Ba ina cewa a zauna ana ɗura masa lemun kwalba ba, balle in yana da ciwon suga. Haka zancen abincin da wai yake rage tsamin jini ya kashe ciwon: huhu da ƙoda suna riƙe ma'aunin tsamin jini tsakanin 7.35 da 7.45, ko me ka ci.

Sai batun robobin nan, inda kuɗin mutane ke tafiya. A tunaninmu bitamin ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. An gwada, kuma abin da aka gani bai yi daɗi ba. A Finland an bi maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, da fatan ta kare su daga kansa. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda an ga irin wannan illa. Wani gwajin mai suna SELECT, na maza fiye da 35,000, ya nuna a 2011 cewa masu shan bitamin E sun fi kamuwa da kansar furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100. Waɗannan duk gwajin rigakafi ne a kan waɗanda ba su kamu ba, amma sun isa su nuna cewa sinadari a cikin 'ya'yan itace daban, shi kuma tatacce a cikin ƙwaya mai ƙarfi daban.

Ga wanda ke kan magani abin ya fi haɗari, don hanta ɗaya ce ke sarrafa kemo da duk abin da aka haɗiya. Ganyen St John's wort, da ake sha don rage damuwa, an auna a 2002 an ga ya rage ƙarfin maganin kemo mai suna irinotecan a jini da kusan kashi 40 cikin 100. Ruwan garehul akasin haka yake yi wa wasu ƙwayoyin maganin kansa da ake sha ta baki, sai su taru a jini su wuce kima. Ƙwallon ɗan itacen afirikot da ake tallatawa da sunan bitamin B17, asibitin Mayo na Amurka ya gwada maganin da ake yi daga gare shi a kan majinyata 178 a 1982: ba wanda ya warke, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanayid. Kada kuma rubutun "an yi a Amurka" a jikin roba ya ruɗe ku. Dokarsu ta 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar wa hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna cewa ƙwayarsa tana aiki kafin ya kai ta kasuwa ba.

Kada a fahimce ni a baibai, akwai inda ƙarin sinadari yake wajibi. Wanda aka cire wa tumbi yana buƙatar bitamin B12 tsawon rayuwarsa. Mai karɓar maganin kemo na pemetrexed dole a haɗa masa da folik asid da B12, in ba haka ba illar maganin ta yi tsanani. Matan da ke shan wasu magungunan kansar mama masu raunana ƙashi ana ba su kalsiyam da bitamin D. Wanda ya kasa ci ana ba shi abin sha mai kauri na musamman, in ta kama a sa masa bututu. Duk waɗannan likita ne ya auna, ya ga giɓi, ya cike shi da adadin da ya sani.

Ke 'yar uwa mai jinya, aikinki ya fi na duk masu turo bidiyo wahala, kuma a ƙananan abubuwa yake. Kemo yakan sa baki ya riƙa jin ɗanɗanon ƙarfe, to a gwada cokalin roba. In ƙamshin girki yana tayar masa da zuciya, a bar abincin ya huce, mai sanyi ba ya tashin ƙamshi sosai. Babban kwano cike yana karya masa gwiwa tun kafin ya sa hannu, a zuba kaɗan a ƙaramin faranti, sau biyar ko shida a yini. In baki ya yi gyambo, a guji yaji da tsami, a yi mai laushi, a ƙara masa mai ko madara ko ƙwai don loma kaɗan ta ɗauki nauyi. Lokacin da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, a dafa nama da ƙwai su nuna sosai, a bar madarar da ba a tafasa ba. Kuma don Allah a daina "ka ci ko don ni". Ba taurin kai yake yi ba, ciwon ne ya rufe masa ciki, matsa masa sai ya sa ya tsani ganin faranti.

A hau sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta nauyin a takarda. Ranar komawa asibiti a kwashe duk robobin da garin magani da ganyen shayin da aka kawo, a zuba a leda, a ajiye wa likita ko mai harhaɗa magani a kan tebur, har da waɗanda ake jin kunyar nunawa. A kuma tambaya ko asibitin yana da masanin abincin majinyata, a nemi ganinsa tun nauyin bai fara sauka ba.