Matan da Ke Gefen Taswirorin Holan

Duk wanda ya dubi taswirar duniya irin waɗanda aka buga a Amsterdam ta ƙasar Holan a ƙarni na 17, idonsa kan tsaya a gefe tun kafin ya kai ga ƙasashe da tekuna. A wadda Willem Blaeu ya fitar a 1606, an jera rana da wata da taurari biyar a sama cikin siffar gumakan Rumawa. Hagu akwai wuta da iska da ruwa da ƙasa, dama lokutan shekara huɗu na Turai, can ƙasa kuma abubuwan al'ajabi bakwai na zamanin da, har da dalar Masar. Mutane da yawa kan yaba kyan zanen su wuce. A ganina wannan gefen ya cancanci a karanta shi da natsuwa, domin a nan masu taswirar suka faɗi yadda suke kallon sauran 'yan Adam.

Abin ya fi fitowa fili inda aka mayar da nahiyoyi mata. A shafin farko na littafin taswirori da Abraham Ortelius ya buga a Antwerp a 1570, Turai na zaune bisa karaga a can sama, da kambi a ka da sandar mulki a hannu. Asiya na tsaye cikin tufafi masu tsada, riƙe da kaskon turare. Afirka ba ta da suturar kirki. Amurka kuwa an kwantar da ita a ƙasa tsirara, da kulki a hannu ɗaya, yankakken kan mutum a ɗaya hannun. Petrus Plancius ya bi sahu a taswirarsa ta 1594, ya ɗora Afirka a bayan kada. Ba a rubuta ko kalma ɗaya ta raini ba, amma ko yaro ya ga hoton ya san wace ce uwargida, su wa ne masu hidima.

Za a iya cewa kasuwa ce kawai, kuma akwai gaskiya a ciki. Attajiran Amsterdam na sayen taswira su rataya a bango don a san sun isa, madaba'u kuma na gasar wanda zai fi ƙawata tasa, wasu har da ruwan zinariya. Littafin Atlas Maior da Joan Blaeu ya fitar a 1662, mai juzu'i 11 da taswirori kusan 600, yana cikin littattafai mafi tsada na zamaninsa. To amma ɗan kasuwa abin da mai saye ke son gani yake kai masa. Su wa ne masu sayen? Masu hannun jari ne a kamfanin Holan na cinikin Indiya ta Gabas da aka kafa a 1602, wanda Willem Blaeu ya zama mai yi masa taswira a 1633, da kuma takwaransa na Yamma, wanda ya ƙwace Elmina, a gaɓar tekun Ghana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637 ya riƙa jigilar bayi daga can. Taswirorin da matuƙan jiragen ke aiki da su a teku da hannu ake zana su a fata, ana ɓoye sirrinsu. Masu adon na zauren gida ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin halin zana siffar mutanen da ba a sani ba. A taswirorin Afirka na gidan Blaeu za ka ga Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara da Guber, wato Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. Sunayen daga littafin Hasan al-Wazzan suka fito, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Venis a 1550. Shekaru ɗari bayansa ana ta kwafar bayani guda, har Kogin Kwara aka juya shi yana kwarara yamma. A lokacin Kano na da ganuwa da marina, Katsina na da malamai da littattafai, amma macen da ke wakiltar nahiyar ba ta da ko mayafi.

Shi ya sa nake son gidajen tarihi da malaman jami'a da ke nuna waɗannan taswirori su riƙa bayyana hoton gefe kamar yadda suke bayyana layukan tsakiya, su faɗi wanda ya zana, wanda ya biya kuɗin, da hanyar da kuɗin suka shigo.