Aikin da ba a ƙirgawa a binciken lafiyar al'umma

Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin bayanan marasa lafiya a kwamfuta ya san abin da nake nufi, za ka tarar an rubuta wa jariri shekara 40, ko namiji da juna biyu, ko mutum ɗaya an shigar da shi sau uku. Kafin ka kai ga lissafin da ake jira sai ka share makonni kana tankaɗe da rairaya, ka koma kan fom ɗin asali, ka nemo wanda ya cike shi. Abin da ke damuna shi ne idan aka zo maganar ƙarin girma a jami'a wannan wahalar ba ta cikin lissafi sam, tambayar dai takarda nawa ka wallafa, a wace mujalla.

Alhali kuwa ran mutane yana rataye a wannan aikin. A farkon Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga ƙididdiga ba, saboda me? An zuba sakamakon a tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, da ya cika sai sauran suka zube ba wanda ya lura. Waɗanda suka yi cuɗanya da mutanen nan ba a neme su a kan lokaci ba, suna ta yawo a gari.

A shekarar dai mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya duba majinyata kusan 96,000 a asibitoci 671, wai maganin haidroksikulorokwin yana ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona. Hukumar Lafiya ta Duniya har ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci. Da masana suka ce to a kawo ɗanyen bayanan mu gani, kamfanin Surgisphere da ya ce yana riƙe da su bai bayar ba, cikin mako biyu aka janye takardar. Ni abin da har yau nake jinjinawa, ta yaya mutum zai sa sunansa a kan takarda bai tabbatar da bayanan da aka gina ta a kai ba? Ai gaggawar wallafa ce ke kawo haka.

Kuma wannan matsin a kan ɗalibai ya fi sauka. Ɗalibar digiri na uku ta yi shekara biyu tana tattara bayanai, ta lissafa, adadin p, wato ma'aunin da ake dubawa a ga ko sakamakon ya wuce dace kawai, ya ƙi sauka ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba karɓa, sai a ce mata ta sake dubawa. Ta raba maza da mata, ta cire tsofaffi, ta canza ma'auni, har dai wani abu ya fito. To ai lissafin kansa ya nuna idan ka gwada abu 20 da ba su da alaƙa da cutar, a tsakaice ɗaya zai fito kamar yana da ita, dace ne kawai. Ba na ganin laifinta wallahi, tsarin ne ya koya mata cewa "ba mu ga bambanci ba" faɗuwa ce, alhali sanin cewa wani shiri ba ya aiki yana hana a zuba kuɗin jama'a a banza.

Na san za a ce bayanan majinyata sirri ne, ba a baza su a intanet. Gaskiya ne kuma ina tare da hakan ɗari bisa ɗari. Amma ana iya cire suna da adireshi, a ba masu tantancewa dama bisa yarjejeniya, sannan matakan lissafin da aka rubuta a manhajojin lissafi irin su R ko Stata ai babu sirrin kowa a ciki. Tun ran gini ran zane, a rubuta tambayar bincike da hanyar lissafi a yi musu rajista kafin a taɓa bayanan, kamar yadda manyan mujallun likitanci suka wajabta wa gwajin magunguna tun 2005. Kwamitin ƙarin girma kuma ya riƙa ba da maki ga wanda ya tace bayanai ya adana su yadda wani zai iya maimaita aikin, a sa sunansa cikin marubuta, a daina tura shi can ƙarshen takarda wajen godiya.