Karkatar jirgin alfarma ba alamar kifewa ba ce

Duk wanda ya ga hoton jirgin ruwan alfarma mai tafiya da iska ya karkace gefe guda, ruwa na lasar bakinsa, sai ya ɗauka saura ƙiris ya kife. Ba haka abin yake ba.

Sirrin yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya kaiwa. A gindin jirgin akwai wani faffaɗan ƙarfe da ya nutsa ƙasa, galibi cike da dalma. A jiragen doguwar tafiya, irin na kamfanin Hallberg-Rassy na Suwidin ko kamfanin Oyster na Ingila, nauyinsa kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin. Iska na tura jirgin gefe, wannan nauyi na jawo shi ya miƙe, kuma babban ƙyallen da ke kama iska don tura jirgin, in ya kwanta, yakan zubar da iskar da ya tara.

Tunda karkata abu ne da aka saba, shi ya sa ake rataye murhun girkin jirgin yana lilo, don tukunya ta zauna daidai. In iska ta yi yawa, matuƙi sai ya naɗe wani sashe na ƙyallen, a ci gaba da tafiya.